Yadda ake lissafin nauyin da balan-balan za ta ɗaga, tun kafin a sayi gas

Ƙanwata tana sana'ar kwalliyar wurin biki a nan Agege, kuma ta iya aikinta, ba yabon gida ba. Wata Asabar aka ba ta aikin walimar saukar Alƙur'ani, sai ta ƙudurta cewa banar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai ba a bango za a kafa ta ba, balan-balan ne za su riƙe ta a sama a bakin ƙofa. Ta hura guda 20, ta ɗaure, ta saki. Banar ta yunƙura kamar tsoho mai ciwon baya, samanta ya tashi, gindinta yana jan ƙasa yana kwasar ƙura. Sai ga kiranta: "Yaya, wallahi mutumin nan ya cuce ni, gas ɗin jabu ya ba ni." Na ce, "Auta, kin auna banar?" Ta ce, "Auna me? Ai ba ta da wani nauyi." Muka aro sikelin maƙwabciyarta mai yin kek, muka naɗe banar muka ɗora, ya nuna giram 240. Balan-balan 20 irin nata kuwa, ko da gas mafi kyau, abin da za su ɗaga bai wuce giram 160 ba. Mai gas bai ci haƙƙinta ba, lissafi ne ba a yi ba.

Lissafin bai fi na canjin kuɗi wuya ba, amma kafin mu shiga cikinsa sai ka cire wani abu daga ranka: balan-balan ba ita ke tashi da kanta ba, iskar da ke kewaye da ita ce ke tunkuɗa ta sama.

Iska tana da nauyi. A zafin Legas na yau da kullum, wajen digiri 30, lita guda ta iska tana da nauyin giram 1.16. Ka ce ƙanƙanin abu ne, to ɗauki shago mai tsawon mita 3, faɗi mita 3, tsayi mita 3. Lita 27,000 ke ciki, wato kilo 31 na iska, ya haura rabin buhun shinkafa. Kuma iskar nan a jibge take wata kan wata, kamar buhuna a sito, na ƙasa shi ke shan danniya. Mu da ke bakin teku mu ne a can gindin jibgin: duk wuri mai faɗin farcen yatsanka, iska na danne shi da nauyin kusan kilo guda. Wani Ba'italiye, Torricelli, shi ya fara auna wannan matsi a 1643, da bututun gilashi da ruwan zaiba, ya ga iska na iya riƙe zaiba mai tsayin santimita 76. A 1648 Pascal na Faransa ya sa mijin 'yar'uwarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu, yana hawa zaibar na sauka, aka tabbatar matsin iska raguwa yake idan aka yi sama.

Kai ba sai ka nemi dutse ba. Wayoyi da dama suna da ma'aunin matsin iska a cikinsu. Idan taka tana da shi, ka buɗe manhajar a ƙasan dogon bene, za ka ga lamba wajen 1010, ka shiga lif ka zuba mata ido. Duk mita 8 zuwa 9 da ka hau, lambar za ta ragu da ɗaya. Daga gindin NECOM House da ke Marina zuwa ƙololuwarsa, mita 160, ragin ya kai 18.

To ga inda gizo ke saƙar. Gindin balan-balan ya fi samanta nutsewa cikin iska da kamar santimita 30, saboda haka matsin da ke tura ta daga ƙasa ya ɗan fi wanda ke danne ta daga sama. Wannan ɗan rinjayen shi ne tunkuɗar. Duk wanda ya taɓa danna jarka marar komai cikin duron ruwa ya ji yadda take ƙwacewa ta yo sama, ya san abin a hannunsa. Akimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, ya faɗi ƙa'idar tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ƙarfin tunkuɗar daidai yake da nauyin ruwan da abin ya kora daga gurbinsa. A ruwa ya faɗe ta, amma a iska ma haka take. Kai kanka da kake tsaye, iska na rage maka wajen giram 70, sai dai giram 70 ba ya komai a jikin mai kilo 60.

Kayan da za ka tanada

Tef ɗin tela, kalkuletar waya, ƙaramin sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya (na masu kek ya isa, na masu zinariya ya fi), zaren da za ka yi aikin da shi, almakashi, da farar takardar A4 guda biyu ko uku. Ka duba jikin kwalin takardar, idan an rubuta 80, to kowane falle giram 5 ne cif. Za ka ga amfaninta nan gaba.

Auna cikin balan-balan

Hura guda ɗaya iya girman da za ka yi aiki da shi. A wannan matakin baki ko famfo ya isa, kada ka ɓata gas. Zagaya tef ta inda ta fi kauri, ka rubuta santimita nawa. Ninka lambar da kanta, ka sake ninkawa da ita, sannan ka raba da 60,000. Abin da ya fito shi ne lita.

Misali, irin wadda aka fi sayarwa, mai inci 11 ko 12, ƙugunta kan kai santimita 90. 90 sau 90 sau 90 ya ba da 729,000. A raba da 60,000, ya zama lita 12 da 'yan kai. Wannan lissafin na abu mai zagaye kamar ƙwallo ne, ita kuwa balan-balan tana da ɗan tsini ta wuya, don haka ainihin cikinta zai ɗan ɗara haka. Bar shi, gara rarar ta zama taka.

Kada ka yarda da ido a nan. Ido ba mudu ba ne, kuma a wannan harkar ko kima bai sani ba. Balan-balan mai santimita 80 da mai 90, idan ka hango su daga nesa sai ka ce ɗaya ne, alhali mai 80 lita 8 da rabi ce kawai. Santimita 10 ta cinye kusan kashi uku cikin goma na gas ɗin. Yawancin rigimar "gas ba shi da kyau" daga nan take tasowa: yaron da ke hurawa yana tsoron fashewa, sai ya riƙa tsayawa da wuri. Maganinsa a samu kwali a yanke rami mai faɗin santimita 28 ko 29 a tsakiya, duk wadda aka hura a gwada ta a ramin, sai ta cika shi taf.

Lita guda, giram guda

Wannan ce lambar da za ka haddace. Lita guda ta iska giram 1.16, lita guda ta hiliyom, wato gas ɗin da ake hura balan-balan da shi, giram 0.16. A cire, saura giram 1. Wato kowace litar hiliyom tana ɗaga giram guda a Legas. Balan-balan mai lita 12 ta kori iska mai nauyin giram 14, iska na tunkuɗa ta da ƙarfin giram 14, gas ɗin da ke cikinta ya ci 2, saura 12.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa wadda aka hura da baki take faɗuwa. Ta kori giram 14 na iska, amma giram 14 ɗin ne aka mayar cikinta, ga robar a kai. Ba riba, sai faɗuwa.

Yanzu cire nauyin robar da zaren. Ɗora balan-balan 10 da ba a hura ba a kan sikeli ka raba da 10, ya fi auna guda ɗaya daidai. Masu inci 11 sukan zo wajen giram 3 kowace. Zare ma ka auna shi, kada ka raina shi: zaren kwalliya mai ƙyalli idan ya yi tsawo yakan ci giram guda. 12 a cire 3 a cire 1, saura 8. Giram 8 ke nan abin da kowace za ta ɗaukar maka, kuma shi ya sa 20 ɗin Auta suka tsaya a 160.

Don ka ji ƙanƙantar abin: ledar fiya wata guda, giram 500, sai balan-balan 63. Mutum mai kilo 60 kuwa sai 7,500, ban da nauyin igiyoyin da za a ɗaure shi da su.

Gwajin takarda

Nan ne wurin da na fi so, domin da shi ake raba gardama da mai gas ba tare da ɗaga murya ba. Ɗauki fallen A4 ka yanka shi gida biyar daidai, kowane yanki giram guda ke nan. Yanka falle biyu ko uku haka. Shiga ɗaki, kashe fanka, rufe taga. Hura balan-balan ɗaya da gas ɗin da kake son saye, auna ƙugunta, yi lissafin abin da ya kamata ta ɗaga. Sai ka riƙa soke yankunan takarda a zarenta ɗaya bayan ɗaya. Za ka kai inda ba ta hawa ba ta sauka, tana rataye a tsakiyar ɗaki tana lilo a hankali sai ka ce mai tunani. Idan yanki na ƙarshe ya rinjaye ta, ka riƙa tsinke shi kaɗan-kaɗan da farce har ta tsaya. Ƙirga yankunan.

Idan lissafi ya ce 8, takarda ta ce 8 ko 9, gas ɗinka lafiyayye ne. Idan ta ce 5 ko 6, an gauraya shi da iska. Wasu ƙananan tukwanen gas na jefarwa ma a jikinsu an rubuta cewa hiliyom ɗin kashi 80 cikin ɗari ne, wannan ba cuta ba ce tunda an faɗa. Amma ka lura da yadda abin ke cizo: litarsa giram 0.8 take ɗagawa, lita 12 ta ba da 9.6, robar da zare kuwa ba su rage nauyinsu ba, saura 5.6. An rage gas da kashi 20, amma abin da ya zo hannunka ya ragu da kashi 30.

Guda nawa, kuma wace iri

Auna abin da za a ɗaga, raba da abin da gwajin takarda ya ba ka, sannan ka ƙara rabin adadin a kai. Banar Auta, 240 a raba da 8, guda 30 ne. Amma 30 za su riƙe ta ne kawai a lokacin da aka hura, kafin a gama karatun ɗalibi na uku ta fara sunkuyowa. 45 ake so.

Kafin ka ƙara balan-balan, ka fara tambayar ko za a iya rage kayan. Banar roba mai kauri irin ta masu buga fosta nauyi gare ta. Yadi marar kauri ko takarda sun fi ta sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kowane giram 8 da ka rage, balan-balan guda ka tsira da kuɗinta.

Babba kuma ta fi ƙananan riba. Idan ƙugu ya ninka sau biyu, ciki sau takwas yake ninkawa. Mai santimita 180 tana cin lita 97. Ko robarta ta kai giram 20, saura 77, aikin ƙanana tara ko goma, da gas ɗin ƙanana takwas. Ga shi kuma ta fi daɗewa a sama. A ganina, duk aikin ɗaga wani abu a ba manya, ƙanana a bar su wa ado.

Batun tukunya kuwa, ƙa'idar Boyle ta 1662 ce ke aiki: idan matsi ya ninka, gurbin da gas ke ci sai ya ragu da gwargwadon haka. Ninka litar tukunyar da lambar da geji ya nuna a ma'aunin bar, ka cire kashi ɗaya cikin goma. Tukunya mai lita 10 da geji ke kan 200 za ta ba ka wajen lita 1,800, balan-balan 150 masu lita 12. Idan geji na kan 100, rabin haka ne, ko me mai shago ya rantse da shi. Shi ya sa nake cewa kada a karɓi tukunya sai an ɗaura geji an gani, domin ɗaga ta da hannu ba zai gaya maka komai ba: duk gas ɗin da ke cikin cikakkiyar tukunya mai lita 10 wajen giram 300 ne, sauran nauyin ƙarfe ne.

Lokaci, rana da ruwa

Ƙwayar hiliyom ƙanƙanuwa ce ainun, tana silalewa ta jikin roba ko an ƙulle wuyan da kyau. Ta roba mai inci 11 takan yi awa 8 zuwa 12 ba kaya a jikinta, mai ɗauke da kaya kuwa tun kafin nan take sauka. Kada a hura da daddare don bikin la'asar ɗin gobe. A kai tukunya wurin, a hura awa ɗaya ko biyu kafin baƙi. Mai ƙyalli, wadda ake kira foyil, tana kwanaki, sai dai ita matsalarta zafi.

Gas yana kumbura idan ya ji zafi. Daga ɗaki mai esi a digiri 20 zuwa cikin motar da ta sha rana a gosulo, digiri 45, yana ƙara girma da kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari. Roba takan miƙe ta karɓa, foyil ba ta miƙewa, sai ta yage ta ɗinki. Saboda haka idan a wuri mai sanyi ka hura foyil kuma waje za ta, ka bar mata ɗan laushi. Idan kuma a waje ka hura aka shiga da ita zauren biki mai sanyi ta yamutse, kada ka ce ta huje, kuma kada ka ƙara mata gas. Fito da ita minti biyar za ta koma yadda take.

Mutane kan ce iskar damina nauyi gare ta. A sikeli akasin haka ne: iska mai laima ta fi busasshiya sauƙi, don tururin ruwa bai kai iska nauyi ba. Amma bambancin bai fi kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari ba, ka manta da shi. Abin tsoro yayyafi ne. Ɗigon ruwa 20 giram guda ne, kuma giram 8 kawai gare ka. Yayyafin minti biyu ya isa ya kwantar da kwalliyar duka.

Idan za ka ɗauki hurarru a mota, ga abin da zai ba yara mamaki. Rufe gilasai, a riƙe zaren guda ɗaya a tsakiya. Direba na taka totur kowa zai yi baya, ita sai ta yi gaba. Yana taka burki kowa ya yi gaba, ita ta yi baya. Iskar cikin motar ce ke taruwa inda ku kuka karkata, matsi ya ƙaru a can, ya tunkuɗa ta ɗaya ɓangaren. A danfo ba zai yiwu ba, tagoginsa ba sa rufuwa.

Gas ɗin da ba za ka saya ba

Hiliyom ba a haɗa shi a bayan gida. Daga rijiyoyin iskar gas ake tace shi, a ƙasashe irin su Amurka, Qatar da Aljeriya, a kawo shi cikin tukunya, shi ya sa yake tsada. Duk wanda ka gani yana hura balan-balan daga wani duro ko jarkar da yake zuba abubuwa a ciki tana tafasa, wani gas ne daban, haidirojin, yake ba ka. Yana ɗagawa, har ya ɗan fi hiliyom da wajen kashi 8 cikin ɗari, kuma ratar ta yi ƙanƙanta, gwajin takarda ba zai bambance su ba. Amma yana kamawa da wuta ko kashi 4 cikin ɗari ne kawai a cikin iska. Jirgin Hindenburg na Jamus da shi aka cika shi, ya ƙone a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu 1937, mutum 36 suka mutu. Wurin biki kuwa ga kyandir a kan kek, ga mai suya, ga janareta, ga yara riƙe da zare dab da fuskokinsu. Araha ba ta ado a nan. Karanta takardar jikin tukunya: lambar hiliyom UN 1046, ta haidirojin UN 1049. Tukunyar da ba takarda a jikinta, ka bar wa mai ita. Kuma kada wani ya ce bari a gwada da ashana.

Hiliyom ɗin kansa ba ya cin wuta, amma wasan shaƙarsa don murya ta sirance ya kashe mutane, domin yana kore iskar numfashi daga huhu. Shaƙa kai tsaye daga bakin tukunya kuwa matsin na iya yaga huhun. Tukunya a tsaye take zama, a ɗaure da bango ko ƙarfe, nesa da rana. In an tashi biki, foyil a huda ta a jefa a shara, kada a sake ta sama: jikinta na ɗaukar lantarki, kuma ka san yadda wayoyi suka sarƙe a unguwanninmu, guda ɗaya ta isa ta haɗa waya biyu ta jefa layi cikin duhu.

In aiki ya kai ka gida

Giram guda a lita lambar bakin teku ce. Kano tana sama da Legas da kusan mita 480, a zafi iri ɗaya litar hiliyom a can wajen giram 0.95 take ɗagawa. Jos kuwa, mita 1,200, iskarta ta fi sirantaka, sanyin garin ya ɗan rage asarar, lita ta koma wajen giram 0.9. Balan-balan ɗin nan mai ba ka 8 a Agege, a Jos 7 za ta ba ka ko ƙasa da haka kaɗan, banar da 45 suka riƙe a nan sai 52 a can. Ka sa fallen A4 biyu da almakashi a jaka, kana sauka ka sake gwajin a ɗakin da aka sauke ka.